Filin Tambaya da Amsa: Kuɗin ko-ta-kwana na makaranta da yaranmu masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko wannan satin, duk daga cikin Legas, kuma duk ƙafarsu ɗaya. Ta farkon ce zata ci mana wuri.

TAMBAYA

Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ne ma'ajin wata makarantar al'umma a nan Agege, boko da safe islamiyya da yamma, jama'ar unguwa ne suka haɗu suka kafa ta. Ɗaliban bokonmu sun kai 300, kuɗin makaranta 18,000 ne a zango amma gaskiya masu biya cif basu wuce 250 ba, sauran marayu ne da waɗanda iyayensu kullum sai dai a yi haƙuri. A shekara huɗu mun lallaɓa mun tara miliyan 2 da dubu 400 a matsayin ko-ta-kwana. To yanzu muna da yara biyar masu buƙata ta musamman, kurame biyu, ɗaya a keken guragu, biyu kuma masu jinkirin ganewa. Kuramen nan wallahi zama kawai suke suna kwafar abin da ke allo basu san me ake cewa ba. Mun samu wata malama da ta iya yaren kurame tace 90,000 a wata. Kwamiti ya rabu uku, wasu sunce a riƙa biyanta daga ko-ta-kwana tunda kuɗin yana nan a kwance, wasu sunce a ninka wa iyayen yaran kuɗin makaranta tunda ƴaƴansu ne, ciyaman kuma yace a bar maganar gaba ɗaya a ƙara aji ɗaya da kuɗin. Ni kaina ya kulle Malam, kuma ni za a tambaya gobe idan kuɗi ya ƙare.

Ma'aji, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam Malam Ma'aji, Allah ya saka da alheri da wannan riƙon amana, tara miliyan biyu a makarantar unguwa a wannan marra ba ƙaramin aiki bane. Amsata a taƙaice: ku ɗauki malamar, amma kar ku biya ta daga ko-ta-kwana, kuma kar ku ɗora wa iyayen yaran biyar su kaɗai. Albashinta cikin kasafin shekara zai shiga kamar albashin malamin lissafi, kamar kuɗin alli da wuta.

Bari mu buga lissafin da lambobinka. 90,000 sau wata 12, miliyan 1 da dubu 80 kenan a shekara. Idan daga ajiyar ku kuke cira, kafin a cika wata 27 asusun ya koma sifiri, yaran kuma suna nan, wataƙila ma lokacin suna aji uku ko huɗu sun fara gane karatu, sai ku wayi gari ba malama ba ajiya. Amma ka raba wannan miliyan 1 da dubu 80 ɗin kan masu biya 250 sau zango uku, zakaga 1,440 ne ya faɗa kan kowane yaro a zango, ka ce 1,500 don a samu ɗan saura na takardu da katunan hoto da zata buƙata. Wato daga 18,000 zuwa 19,500. Nasan a miti za a yi gunaguni, ko naira ɗari aka ƙara sai an yi, amma 1,500 a wata uku da wani abu bai kai abin da uba ke sawa a kati na sati ba. Su kuma masu cewa a ninka wa iyayen, ko an ninka wa duka biyar ɗin 18,000 sau biyar sau uku dubu 270 ne kawai, kwata ɗaya ne kacal na albashin, abin da zai faru shine iyayen su janye yaran su zaunar da su a gida, kuma mun san inda kurma ko gurgu ɗan Arewa ke ƙarewa a Legas idan ya bar makaranta, bakin titi ne da ƙoƙon bara. Kuma 90,000 ɗin da ta nema ba tsada tayi ba, mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 ma 85,000 ne, su kuma masu wannan ilimin ba yawa gare su ba, galibi daga kwalejin ilimi na musamman ta tarayya da ke Oyo suke fitowa ko sashen ilimi na musamman na jami'o'i irin su Ibadan, Jos da BUK. In kun samu mai hannu ku riƙe ta.

To mene ne amfanin ko-ta-kwanan in ba za a taɓa ba? Mu da muka taso a karkara mun san rumbun tsimi. Akwai rumbun da ake ɗiba kullum a kai wa mata su daka, akwai kuma wanda maigida ke liƙe bakinsa da laka, ba a fasa shi sai damina ta yi gardama ko fara ta sauka. Duk gidan da ya fara cin rumbun tsimi a tuwon yau da kullum to tun kafin bazara ya shiga uku. Albashi tuwon kullum ne. Abin da ya halatta a fasa rumbu dominsa shine abin da ya zo ba sallama, ko wanda za a yi sau ɗaya a gama: iska ta yaye kwano, ruwan Yuni da Yuli ya cika ajujuwa ya jiƙa benci da littattafai kamar yadda ya saba mana a Legas, mai gida ya tashi ya ƙara haya, ko irin abin da ya faru a 2020 da aka rufe makarantu daga Maris har Satumba saboda korona, babu kuɗin makaranta ko sisi amma malamai suna da iyali. Kuma ko ba annoba, kowace shekara akwai dogon hutun Agusta da ba mai biya amma albashi bai san hutu ba.

Ka duba ma girman ajiyar taku. Idan 250 ke biyan 18,000 sau uku, abin da ke shigowa miliyan 13 da rabi ne a shekara, wajen miliyan 1 da dubu 100 a wata, kuma na tabbata kusan haka kuke kashewa. Kenan miliyan 2 da dubu 400 ɗinku kuɗin wata biyu ne da ƴan kwanaki. Wannan shine daidai mafi ƙarancin abin da ƙungiyar jami'an kuɗi na gwamnatoci a Amurka ke ba hukumomi shawarar su ajiye, kuɗin gudanarwa na wata biyu. Don haka ka faɗa wa kwamiti cewa kuɗin nan ba kwance yake ba, yana bakin aiki ne, gadi yake yi. Ciyaman yana da gaskiyarsa, aji ɗaya zai ƙaro ɗalibai ya ƙaro kuɗi, amma a buɗe wa gini nasa asusun a nemi gudummawar ƴan kasuwa, mutanenmu na kara da na canji basa ƙyashin bulo da siminti idan sun ga inda kuɗinsu ya shiga.

Abu ɗaya da zan ce ku cira yau ba sai gobe ba shine na yaron keken nan. Je ka da kanka da safe ka tsaya ka ga yadda yake shiga aji. Ni na taɓa riƙe littafin kuɗi na wata makaranta shekaru, muna da irin wannan yaron, matakala uku ce a ƙofar ajinsu, kullum yayansa ɗan aji shida ke goya shi ya hau da shi ya dawo ya ɗago keken, sai daga baya wata malama ta lura yaron baya taɓa shan ruwa a makaranta duk zafin nan, da ta matsa masa yace ƙofar ban ɗaki bata cin kekensa kuma yana jin kunyar a riƙa ɗaukarsa gaban mata, shine yake barin ruwa tun daga gida. Shekara biyu yana haka muna wucewa ta gabansa. Buhun siminti kaɗan da yashi da kafinta na yini ɗaya suka gyara abin, gangare a ƙofar aji, aka faɗaɗa ƙofar ban ɗaki aka kafa ƙarfen riƙewa a bango. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Irin wannan aikin sau ɗaya ake yinsa, to a cira daga ajiya a yi, a rubuta cewa za a mayar cikin zango biyu ko uku. Kuma doka ma tana tare da yaron: dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Legas kuwa tana da tata dokar tun 2011, ita ce ta haifar da LASODA, hukumar kula da harkokin nakasassu ta jihar.

Yanzu ga wani abu da kwamitinku bai kawo ba kuma shi yafi damuna. Kuɗin yaro mai buƙata ta musamman baya zuwa a jere kamar kuɗin alli. Yau kuna da biyar, gobe wata baiwar Allah ta sauko daga Sakkwato da makahon yaro ta kawo muku a tsakiyar zango, sai allon rubutun makafi da takardarsa mai kauri da wanda zai koya masa. Ko na'urar kunnen ɗaya daga cikin kuramen ta faɗa kwata. Kayan nan kusan duk daga waje ake kawo su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, farashinsu ya bi ta. Wannan matsalar ba mu kaɗai ba. A Amurka gundumomin makarantu, waɗanda harajin gidaje na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, doka ta tilasta musu tun 1975 su karantar da kowane yaro mai nakasa kyauta gwargwadon buƙatarsa, majalisarsu ta yi alkawarin gwamnatin tarayya zata ɗauki har kashi 40 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta, kuma har yau bata taɓa cika wannan alkawarin ba, sai gunduma ta cike gibin daga aljihunta. Yaro ɗaya mai buƙata mai nauyi ya ƙauro cikin ƙaramar gunduma sai kasafin shekara ya karkace. Shi ya sa a jiha irin Masacusets aka ba gundumomi damar buɗe wani asusun ajiya daban na ilimi na musamman kaɗai. Ku ma ku yi haka a ƙaramin ma'auninku. Ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ya shigo kowane zango, wajen 90,000 kenan, a zuba shi gefe da sunan yaran nan, kar a haɗa shi da babban ko-ta-kwana, don in aka haɗa ranar da kwano ya yaye su za a fara mantawa.

A makarantar da na faɗa maka haka aka yi mana. Ajiyar tana nan a littafi amma rabinta bashi ne a hannun ƴan kwamiti, wannan ya ara zai sari kaya, wancan matarsa ta haihu, da mai gida ya ƙara haya aka buɗe asusu ba komai, kuma wadda aka fara sallama ita ce matar da ke zama da yara masu jinkirin ganewa bayan an tashi. Don haka Malam Ma'aji ka kare kanka ka kare kuɗin da rubutu. Shafi ɗaya ya isa: me ake cira dominsa, wa ke amincewa, cikin wata nawa za a mayar, kuma ba a ba kowa rance ko da limamin unguwa ne. Akawun ɗin ya zama da sunan makaranta ba sunanka ba, mutum uku masu sa hannu dole biyu su sa kafin a cira, alat ya riƙa shiga waya fiye da ɗaya, duk ƙarshen zango a karanta wa iyaye abin da ya shiga da wanda ya fita a manna kwafi a allon sanarwa. Idan kuna gudun kuɗin ruwa ga bankunan da basa mu'amala da riba, Jaiz, TAJ da Lotus duk suna da rassa a Legas. Kar kuma ku tara fiye da kuɗin wata uku ku zuba masa ido, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30, kuɗin da ke zaune narkewa yake.

In 1,500 ɗin ta gagara, ku nemi makarantu biyu na kusa da ku, na tabbata suna da kurame su ma, ku haɗa a ɗauki malamar tare ko a tara yaran a wuri ɗaya, kowa ya kawo 30,000 kamar adashe. Masu son bada zakka kuma ku kai maganar gaban malamanku, da yawa suna sharɗanta a damƙa ta hannun mabuƙaci ne, to sai a ba uban yaron ya sayi na'ura, albashi da gini kuma a nema ta hanyar sadaka da waƙafi. Ranar mitin ka tuna musu sahabin nan makaho Abdullahi ɗan Ummi Maktum da ya zo neman ilimi, da surar da ta sauka a kansa, duk ɗan kwamitin islamiyya ya haddace ta.

TAMBAYA

Malam wai da gaske gwamnati na ware wa irin yaran nan kuɗi ko dai a takarda ne kawai? Kuma a Legas wa ke riƙe da shi?

Ɗalibi, Idi-Araba

AMSA

Ana warewa ƙanena. Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce kashi 2 cikin ɗari na asusun haɗaka na kuɗin shigar tarayya ya tafi UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa. Rabin wannan kuɗin jiha bata samunsa sai ta ajiye kwatankwacinsa nata, shi ya sa kake jin biliyoyi sun maƙale a Abuja jihohi basu ɗauka ba. Daga cikin sauran, kashi 2 ne aka keɓe wa ilimin yara masu nakasa, wato kashi 2 na kashi 2, a raba wa jihohi 36 da Abuja, kaga ba abin da zai isa bane, dole jiha ta sa nata. A Legas firamare tana hannun LASUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jihar da ke unguwar Maryland, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 20, sakandare kuma an kasa ta gundumomin ilimi shida, ta ɗaya tana Agege. Kasafin jihar ana sa shi a intanet, ka sauke ka nemi layin ilimi na musamman, ka kwatanta abin da aka rubuta da abin da aka saki a rahoton ƙarshen shekara, a nan zancen yake. Abin da ke ci min rai shine mu Hausawan Legas bama zuwa tarukan jin ra'ayi kan kasafi, masu unguwanninmu da ƙungiyoyin matasa ya kamata su riƙa zuwa da sunayen yara da adadinsu a rubuce.

TAMBAYA

Malam ina wuni. Yarinyata shekararta bakwai, tana da shekara uku tayi zazzaɓi mai zafi tun daga nan bata ji. Na kaita wata makarantar kuɗi kusa da mu sukace sai na biya ninki biyu, babanta dako yake a kasuwa bamu da shi. Kishiyoyin gida na cewa in barta ta taya ni talla. Ni kuma inaso tayi karatu wallahi tana da kai, duk abin da ta gani sau ɗaya ta riƙe.

Maman yara, Mile 12

AMSA

Lafiya lau ƴar uwa, Allah ya raya miki ita ya sa ki ci moriyarta. Kar ki ɗora mata tire. Makarantar gwamnati kyauta ce, kuma dokar 2018 ɗin da na ambata a sama ta ba mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Legas na da makarantar kurame ta Wesley a Surulere, nasan daga Mile 12 tafiya ce ga kuɗin mota ga cunkoso, amma akwai firamarorin gwamnati da aka buɗe wa sashe na musamman a cikinsu, da malamai masu yaren kurame, yaran suna karatu a harabar da sauran yara suke. Mile 12 a ƙarƙashin Kosofe take, to ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Kosofe zaki je kice a nuna miki wadda tafi kusa da ke, in baki jin Yarbanci ko Turanci sosai ki tafi da wanda yake ji.

Kafin nan ki kaita sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba a gwada jin nata a baki takarda, wani lokacin akwai sauran ji a kunne ɗaya wanda na'ura zata iya ɗagawa, kuma da takardar ne zaki yi mata rajista a LASODA a Alausa. Ki sani kuma yaren hannun da ake koyarwa a makarantun nan tushensa na Amurka ne, ya bambanta da maganar hannu irin ta kuramenmu na Kano da kuma alamun da kuka saba yi da ita a gida, don haka satin farko zata iya dawowa a rikice tana kuka, kar ki karaya ki cire ta. Ki roƙi malamarta ta riƙa nuna miki alama biyar duk Juma'a ke da ƴan uwanta, ruwa, abinci, ciwo, zo, bari.

Ranar da zaki ofishin ki riƙe takardar haihuwarta, katin rigakafi, hotuna ƙanana guda huɗu, katinki na LASRRA, wato na rajistar mazauna Legas, in kina da shi, da takardar asibitin, ki fita da sassafe kafin hanyar Ketu ta cushe. In kin dawo ki rubuto min yadda kuka yi.